Jinin Duƙushi

Tun da aka kafa dokar sabunta jini, tsohon doki ba ya taka titi sai da tambarin asibiti a kunne. Dole Baba Tunau ya ja goɗiyarsa Gunya zuwa can, da gyambon da ya ƙi warkewa a gadon bayanta.

"Tsufa ne, Baba," in ji Ladi, ma'aikaciyar wurin. "Jininta ya daina faɗa da cuta. Za mu ƙara mata sabo."

Tana buɗe ƙofar baya, wari ya bugi Tunau. Duƙusai ne jere a ɗaure, haƙarƙari duk a waje, kowanne da robar zuƙar jini a wuya, ƙudaje sun cika musu ido.

Gunya ta yi haniniya. Wata siririyar murya ta amsa daga ciki. Ɗanta ne, wanda hukuma ta karɓe bara wai za ta yi kiwonsa.

"Kun yi sa'a," Ladi ta ce. "Jinin ɗa ya fi karɓar uwa."

Tunau ya tofar da yawu. "Tir! Gara ta mutu da gyambonta."

Ya ja igiya zai fita. Gunya ta turje, tana miƙa wuya wajen ɗanta.

Ladi ta yi murmushi. "Ka gani, Baba? Ita ma tana so."