Ranar da Ladan Ya Kare Alhaji

Dutsen farko ya farfasa gilashin motar Alhaji Jalaluddeen daidai bakin ruwa, inda mata ke kasa kifi. Na biyu ya fasa goshin direba, wanda ya ɓalle ƙofa ya ranta a na kare.

Ladan yana cikin kwalekwalensa yana warware taru ya hango an finciko Alhaji ta wuyan riga. Duk tungar an san dalili. Da hantsin nan Bara'atu matar Bashiru ta rasu kan gwiwa a ɗan asibitin da aka ba Alhaji kwangilar gyarawa. Babu jini, babu wuta, likita kuwa tun damina rabon da a sa shi a ido. Shi Alhaji ko kai ne ya sara masa jirgin Indiya yake hawa, kamfanin inshora ya biya.

Bashiru ya narka wa Alhaji filafilin tuƙa kwalekwale a baki, haƙora suka zubo cikin yashi. Wani ya taka masa yatsu har suka yi ƙara. Ladan yana tsaye, bai ko motsa ba.

Sai da Alhaji ya wuntsila rigingine, Bashiru ya ɗaga gora ya auna cikinsa, sannan Ladan ya yi tsalle daga kwalekwalen. Ya keta taron ya kife a kan mutumin, ya rungume masa ƙugu. Gorar ta sauka a gadon bayan Ladan.

"Tashi, Ladan!" in ji Bashiru. "Kai da Hamza ƙanenka ya ruɓe cikin asibitin ga? Mi ya ba ka?"

Aka rufe Ladan da duka, da gora da dutse da ƙarfen angar jirgi. Haƙarƙarinsa ya karye, kunnensa ya tsage, jini ya rufe masa ido. Ta saman kafaɗarsa ana ta shurin fuskar Alhaji, bai ko kai hannu wajen ba. Ƙara ƙanƙame cikin ya yi.

Harbin 'yan sanda daga garin Wara ne ya watsa jama'a.

Alhaji ya buɗe idon da ya rage masa, yana tofar da jini. "Bawan Allah, faɗi abin da kaka so."

Ladan ya ɗaga masa riga a hankali, ya shafa dogon tabon da ke gefen mararsa. Wurin bai ko kumbura ba. Ya saki ajiyar zuciya.

"Ka riƙa shan ruwa da yawa," ya ce.

Bara ne Alhaji ya tafi da Hamza Indiya a matsayin ɗan rakiya, ya dawo da shi da ɗinki a kwiɓi, kuma ɗinkin ne ya kashe shi. Ƙodar nan da ke aiki ƙarƙashin tafin hannun Ladan, ita kaɗai ta rage masa da rai daga jikin ƙanensa.