Gwajin Murfin Kwalba

"Buɗe mu ga ƙarfin hannun yau," in ji likita. Ta turo masa sabuwar kwalbar magani da bayan hannunta mai safa.

Mai wanki ya cije leɓe ya murɗa. Amosanin gaɓoɓi ya kumbura masa yatsu, ya karkatar da su. Da ƙyar da jiɓin goshi murfin ya buɗe. Duk wata sai ta yi masa wannan gwajin, shi kuwa ya tsane shi.

"Baba, sau nawa zan ce ka bar wankin nan? Ruwan sanyi da matsar kaya ke ƙara maka ciwo."

"In na bari, likita, iyalina iska za su ci?"

Ya fita yana mita a ransa: mai zama ƙarƙashin fanka ina za ta sani?

A bakin ƙofar asibiti ya tuna ya bar katinsa a kan tebur. Ya koma, ya tura ƙofa.

Ya tarar ta cire safar hannun. Yatsunta sun fi nasa karkacewa. Ƙwayar maganin kwalbar da ya buɗe take kaiwa baki, da hannu biyu.

"Rufa min asiri, Baba," ta ce. "In shugabannin asibiti suka sani sallamata za su yi. Ni ma ina da yara."

Ya dubi hannunsa. Bai san ko wata mai zuwa zai iya buɗe mata ba.