Kunyar Ɗan Fari

Tukur ya zalunci mahaifiyarsa. Da ciwon mantuwa ya kama Inna, sai ya aiko da akwatin da ke hira da muryarsa, ya bar wa ƙanwarsa Ladidi jinya.

Sai bayan shekara uku ya zo. Inna ta dube shi ido cikin ido.

"Malam, yaya sunanka?"

"Tukur ne, Inna."

"Tukur," ta maimaita, babu nauyin baki.

Ladidi ta juyo da sauri, don Inna ba ta taɓa furta sunan ɗan farinta ba.

Can akwatin ya yi sallama da muryar Tukur. Inna ta sunkuyar da kai, ta gyara mayafi.

"Yaya, shi take jin kunya yanzu," in ji Ladidi.

Har Inna ta rasu, baƙo take kiran Tukur.