Ciwon Atika

Tasalla ta kasa zama a kan bencin asibiti, sai kai da kawowa take yi. Kwana biyu suka yi a kan jaki daga Wagini zuwa Katsina, har yanzu 'yarta Atika ba ta gane ta ba. Tabo ya rufe kumatun yarinyar, gaɓoɓinta sun kumbura, ga sambatu ba tsayawa.

"Malam, gaya wa likita na san mai hannu a ciki," ta ce wa tafinta. "Maƙwabciyata Hansai ce. Mayya ce, har na sa an kore ta daga gari."

Baturen likita ya yi dogon bayani, tafinta ya juyo.

"Inna, ya ce ba maita ba ce. A cikin jini akwai masu tsaro da ke kashe cuta. Nata ne suka juya mata, suka fasa shingen da ke kare ƙwaƙwalwa. Zafin rana yana tunzura su. Ba ta dai shiga rana ko?"

Tasalla ta zauna a hankali.

Wata uku ke nan, kullum da hantsi, ita ke goya Atika ta shimfiɗe ta a rana don sanyin ƙashi ya fita.