Goyon Kwance

Har ta sunkuya da majanyi a hannu kafin ta tuna. Likita ya ce kada a goya shi, kada a ɗago shi ta hammata, sai ƙashin ƙirjin da aka tsaga don gyara zuciyarsa ya haɗe.

Jaririn na kwance rigingine a kan katifa yana tsala kuka, ɗinkin ƙirjinsa na hawa da sauka. Ta ba shi nono, ya kau da kai. Ta yi masa waƙa, ya ƙara murya. Ta san abin da yake nema, don ita ma shi take nema. Tun da suka dawo daga asibiti bayanta yake jin sanyi, ko da tsakar rana. A kicin takan tsinci kanta tana jijjiga, alhali babu kowa a bayan.

Surukarta ta leƙo. "Wannan maigida nawa, an gyara masa zuciya, ya samu ƙarfin yi mana tsiya."

"Mama, bayana yake so, ni kuwa an hana ni."

Tsohuwar ta karɓi majanyin. "Ɗaurewa aka hana, 'yar nan. Kwanta, ki juya masa baya."

Ta kwanta, ta matsa a hankali har bayanta ya taɓa kafaɗarsa. Tsohuwar ta lulluɓe su, ta bar bakin majanyin a sake.

Kukan ya koma ajiyar zuciya. Can ta ji ɗan hannu yana lalube, ya damƙi wuyan rigarta, daidai inda ya saba riƙewa.