Dogo da Akwatin Bajamushe

Ana saukowa daga masallacin Juma'a, Dogo ya tuɓe riga ya ɗaura warki. A duk Maigatari babu ɗan kokawar da ya taɓa kai shi ƙasa, kuma yau ya ƙudura sai mutanen Jamus ma sun sani.

Wani Bajamushe ne ya iso daga Gumel da akwatuna masu ƙafa uku. Tafintansa ya ce in aka murɗa hannun akwatin, sai ya haɗiye hoton mutum har da motsinsa. Wai baƙon so yake ya ɗauki yadda jama'a ke hutawa ranar Juma'a.

Hutawa! Dogo ya yi dariya har da riƙe ciki. Wane namiji ne zai yarda a kai hotonsa wata ƙasa yana miƙe da ƙafa? Balle ga Lauratu mai fura, bazawarar da suke nema shi da Ɗantala majemi, ta ce cikin raha wanda akwatin ya zaɓa shi za ta aura. Dogo bai ɗauki maganar a matsayin raha ba.

Duk inda baƙon ya juya akwati, sai ga ƙirjin Dogo. Ya tare masu dara, ya tare masu aski. Bature ya dafe kai, ya yi wa kukunsa raɗa. Kukun ya kafa akwati ɗaya can bakin fili, ya yafito Dogo, ya hau murɗawa.

Wayyo daɗi! Dogo ya yi kirari, ya yi tsalle, ya wuntsila, ya ciccibi jakin wani har da mangalarsa. Bai ko duba Lauratu cikin 'yan kallo ba. Ai ina za ta? Da ya hango Baturen ya ja sauran kayansa gindin tsamiya, inda raggon Ɗantala ke kishingiɗe, har tausayinsa ya ji. Farar fata ba ta jure rana.

Sai la'asar sakaliya ya tsaya yana haki, zuciya fari fat.

"Malam kuku, na cika akwatin ko da saura?"

Kukun ya buɗe shi, ya zaro butar shayi da gwangwanin sukari.

"Wannan ai tun daga Kano ya lalace, ranka ya daɗe. Akwatin da ke aiki yana gindin tsamiya. Bature ya ce bai taɓa ɗaukar abu mai kyau kamar mai furar nan da majemin nan suna sha a ƙwarya ɗaya suna dariya ba. Har tambaya yake yaushe ne bikin."