Ranar da Aka Hau Wata

Babur ɗin ya sake faɗawa rami, Dada ta ƙanƙame bayan rigar ɗanta tana salati. Malam Lawwali bai sassauta ba. Yau kwamitin tantance ma'aikata zai tattara ya bar Kankara, kuma kujerarsa na hannun tsohuwar da ya goyo.

Duk garin babu wanda bai san ranar haihuwar Malam Lawwali ba, don ba ya barin kowa ya manta. Ashirin ga watan Yuli, 1969, ranar da ɗan Adam ya fara taka wata. Shi ne shugaban sashe a ofishinsu, wanda duk ya shigo neman sa hannu kuwa sai ya fara ba da kunne.

"Ba ranar kowa da kowa ba ce," in ji shi, yana kishingiɗa. A irin ranar aka dasa wa mai mulkin Jamus bam ƙarƙashin tebur. A irinta aka harbe sarkin Jodan a ƙofar masallacin Ƙudus. A irinta na'urar Amurka ta sauka duniyar Mas. Daga nan sai ya dafa ƙirji, ya ce, "Sannan kuma ni." Ya yi murmushi, karyayyen haƙorinsa na gaba ya leƙo.

In ya sami mai haƙuri, har yadda labarin ya iso Ruwan Godiya yake bayarwa. Ana yayyafi, manoma sun taru ƙofar gidan mai gari suna jiran labarin yaƙin basasa, sai rediyo ta ce an hau wata. Liman ya ce a kashe ta, ta fara ƙarya. Malam Lawwali har launin rediyon ya sani.

To, akwai Sanusi, mataimakinsa, wanda ya jira kujerar har furfura ta cim masa. Shi ya raɗa wa kwamiti cewa maigidansa ya yanke shekaru, tuni ya wuce ritaya. In ta tabbata, sallama ce nan take, ba walima, ba jawabi. Aka nemi shaidar asibiti, ya ce a ƙauyensu lokacin ko malamin allura babu. Aka ce to ya kawo dattijon da ya gani da ido.

Abin da ya tuna masa hanyar gida ke nan, inda rabonsa da zuwa tun sallar bara waccan. Kullum ya ce hanya ba tsaro. Ran nan hanyar ta yi lafiya lau.

Ya iske mahaifiyar tasa tana tsinkar zogale.

"Ɓatan kai ka yi, Lawwali?"

"Dada, kin tuna ranar da aka hau wata?"

"Ina ni ina mantawa? Ai ranarka ce. Wuyar da ka ba ni ran nan! Ga jini, ga ka kana ta tsala ihu..."

"Ya isa. Haka nan za ki faɗa masu, kar ki ƙara komai."

Ta dube shi, ta karkaɗe zanenta. Tun yana ƙarami ba ya barin ta kai ƙarshen magana.

Suka iso ofis bayan azahar, ƙura har gira. Ma'aikata sun cika baranda, har da waɗanda aka gama tantancewa, don ba kullum ake samun kallo kyauta ba. Sanusi na zaune gefe yana jan carbi, fuskarsa kamar ta mai ta'aziyya.

Shugabar kwamitin, Hajiya Suwaibatu, mace ce marar son dogon zance. Malam Lawwali ya gyara murya ya fara da bam ɗin Jamus, ta ɗaga hannu.

"Malam, mun ji wannan jiya. Mun ji shi shekaranjiya." Ta juya ga tsohuwar. "Sannu da hanya, Dada. Me kika sani game da ranar nan da ake faɗa?"

Dada ta gyara zama. Ta ce damina ce, gero ya kai gwiwa. Ta ce tana tsakiyar daka abin ya same ta, ko taɓarya ba ta ajiye ba. Ihun yaron nan ya tara mata matan unguwa, aka aika a kira wanzami, mahaifinsa ya baro gona ba ko hula. Har yau a gidansu in an ce ranar Lawwali, kowa ya san ranar wata ake nufi.

"Za ki iya rantsewa?"

"Ɗiyata, ni da ke jiran kabari, me zan yi da ƙarya?"

'Yan kwamiti suka dubi juna, suka gyaɗa kai. Carbin Sanusi ya tsaya. Hajiya Suwaibatu ta zare murfin biro ta ce an gamsu, Malam na iya mai da tsohuwa gida kafin hadari ya haɗu.

Da ya tashi a nan, da har yau yana kan kujerarsa. Amma baranda cike take, ga Sanusi ya sunkuyar da kai, kuma Malam Lawwali bai taɓa ganin taro ya bar shi ya watse haka nan ba. Ya miƙe, ya baza babbar riga, ya yi murmushin nan nasa.

"Dada, faɗa masu yadda na zo. Sanusi ya ji da kunnensa."

Tsohuwa ta yi dariya, yau dai an bar ta ta ƙarasa.

"Da gudu kau ka zo, daga ƙofar mai gari, kana ihu Turawa sun hau wata, ka yi tuntuɓe da turmina ka karya wannan haƙorin."